Fatihar da Muka Shafa a Kan Burtali

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa kin sauka lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da maƙwabtan kirki, ya sa kujerar alƙalancin da za ki hau ta zame miki alheri duniya da lahira. Ke mai sunan mahaifiyata ce, shi ya sa bakina bai taɓa iya kiran sunanki ba, kuma ina jin shi ya sa maganar da ke cina ta ƙi fita lokacin da kika durƙusa kina yi mini sallama. Na buɗe baki, sai na ji ina tambayarki ko kin ɗauki bargo. Bayan fitarki innarki ta harare ni ta ce, "Malam, bargo ne ya hana ka cin tuwo kwana biyun nan?" Ba bargo ba ne. Ga abin da ya hana ni, na sa a takarda, zan ba direban motar Zango ya kawo miki.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Alhaji Mamman ya zo zaurena da kansa. Kin san shi, tsohon ciyaman ɗin ƙaramar hukumarmu, wanda ya tsayar da ni takarar kansila, wanda kuma ya ɗauki innarki a motarsa zuwa asibiti a Daura ranar da za a haife ki. Ya ce ɗansa Kabiru yana da ƙara a kotun da aka tura ki. Shanun wani makiyayi sun cinye masa gero, an kama makiyayin. Shi kuma makiyayin ya ce ba gona ya shiga ba, burtali ya bi, hanyar da shanun kakanninsa suka saba bi. Alhaji bai ce in yi miki magana ba, ya fi haka wayo. Cewa ya yi, "Isiyaku, ni ba na son a matsa wa yarinya. Ranar shari'a dai ka zo mu tafi tare, ka zauna kusa da ni a bencin gaba. Ta gan ka, shi ke nan." Ina cikin lalubo amsa sai ya ɗaga hannu ya ce, "A yi mana fatiha, Allah ya sa a yi a sa'a." Na ɗaga nawa, muka shafa, ya sa takalminsa ya tafi.

Tun daga nan kaina ya ɗaure. Uba yakan yi wa ɗansa nasiha idan zai bar gida, ni kuwa na duba ban ga nasihar da zan iya dafa Alƙur'ani a kanta ba. Abin da nake da shi su ne wuraren da na yi tuntuɓe. Zan nuna miki su, ke kya fi ni sanin abin da za ki yi da su, tunda ke kika karanta doka.

Lokacin da soja suka koma bariki aka ce mulki ya dawo hannun jama'a, ni malamin firamare ne, ban san komai ba sai alli da allo. Alhaji ya aiko aka kira ni, ya ce ni zan tsaya a mazaɓarmu. Na tsaya, na ci. Aka kwashe mu zuwa Katsina bita, wani mutum mai kwat ya yini yana Turanci, muka ci shinkafa, aka ba kowa jaka, muka dawo. Na dawo gida ban san aikina ba, kuma na ji kunyar tambaya. Sai na ɗauka kansila ƙaramin dagaci ne. Na sa aka shimfiɗa tabarmi a zaure, na fara sauraron ƙararraki: akuyar wane ta ci wake, wane ya tura iyakar gona, wane ya ƙi biko. Ina jin daɗi ƙwarai, har na sayi babbar riga mai aska.

Ana nan sai marigayi dagaci ya aiko kirana. Na je na faɗi na yi gaisuwa. Ya ce, "Isiyaku, an naɗa ka ne ban ji ba?" Na ce, "A'a, ranka ya daɗe, zaɓena aka yi." Ya ce, "To, da wanda aka naɗa da wanda aka zaɓa, wa ke gaba da wani a garin nan?" Har ya koma ga Allah ban ba shi amsa ba, don ban san ta ba. Mutanen gari kuwa suka gane da wuri. Wanda bai ji daɗin hukuncin dagaci ba ya zo wurina, wanda bai ji daɗin nawa ba ya tafi ofishin 'yan sanda, daga can a wuce kotu, daga kotu a dawo wurin dagaci a ce a sasanta. Rigimar da a da ake kashewa a zama ɗaya sai ta shekara tana yawo.

Don haka ki san iyakar kujerarki. Kada ki saurari ƙara a falonki, ko a bakin mota, ko a gidan suna. Wanda ya tare ki da magana ki ce ya zo kotu. Na rubuta wannan, sai kuma na tuna fuskokin waɗanda ke zuwa zaurena. Ba don sun raina kotu suke zuwa ba. Kotu ta yi musu nisa, kuma idan sun je ba sa gane abin da ake faɗa a kansu. Idan kika rufe ƙofar falo, ina za su? Ban sani ba, Uwata. Ki rufe ɗin dai, amma idan sun zo kotun ki yi musu magana da Hausar da za su koma gida su maimaita.

Yanzu ga babbar, wadda ta shafi abin da ke gabanki.

Kina ƙarama lokacin, ba lalle ki tuna Jauro Buba ba. Bafulatani ne, abokina. Duk kaka idan an kwashe amfani yakan sauka da shanunsa a gonata, su ci kara su bar mini taki, matarsa ta kawo wa innarki nono. Wata rana ya same ni a gona ya ce, "Kansila, mun ji wai za a yanka burtali a raba wa mutane gonaki. In an toshe shi, ta ina za mu kai shanu tafki? Mu ma fa mun dangwala maka yatsa." Na bugi ƙirji na ce muddin ina majalisa ba za a yi ba. Kuma har zuciyata nake nufi. Abu ɗaya da na riƙe daga bitar Katsina shi ne, mu kansiloli aka sa mu sa wa ciyaman ido, ba abin da zai wuce sai mun kaɗa ƙuri'a. Ranar zaman, tun daga gida har sakatariya ina bisa babur ina tsara jawabina, ina gyara shi, har da wurin da zan ɗaga murya.

Mun zauna ke nan sai ga Alhaji Mamman, ciyamanmu a lokacin, ya shigo zauren majalisa. A ƙa'ida ba wurinsa ba ne sai an gayyace shi, amma wa zai ce masa haka? Duk wanda ke ɗakin shi ya tsayar da shi. Muka miƙe gaba ɗaya, muka tuɓe takalma. Kakakin majalisa ya sauka daga kujerarsa ya ba shi, ya koma ƙasa ya durƙusa. Alhaji ya yi bayani. Ya ce samari sun yi yawa, ba su da gonaki, duk sun koma fasa-ƙwaurin mai a kan babura ta iyakar Kongolam, ana kashe su a hanya. Ya ce ga fili nan kwance shanu kawai ke takawa. Ki lura, ba ƙarya ya yi ba, samarin nan har da 'ya'yan ƙannena.

Da ya gama na gyara murya na ce, "Ranka ya daɗe." Ya juyo yana murmushi ya ce, "Na'am, Isiyaku?" Na dube shi, na tuna a hannunsa mahaifina ya damƙa ni, sai na ji bakina ya ce, "Allah ya ƙara girma." Ya ce amin. Ya waiwayi mafi tsufa a cikinmu ya ce, "Malam, rufe mana da fatiha." Hannuwa suka tashi, nawa a ciki. Muka shafa. Bayan ya fita akawun majalisa ya matso kusa da kakaki ya ce, "Me zan rubuta? Ai ba a kaɗa ƙuri'a ba." Kakaki ya ce, "Rubuta an amince. Kai ba ka ga an shafa ba?"

Kin san yadda abin yake a wurinmu. Da fatiha ake ɗaura aure, da ita ake rufe cinikin gona, da ita ake kashe gaba tsakanin 'yan'uwa. Wanda ya tayar da magana bayan an shafa, ba a ɗaukarsa mutum. A littafin dokar da aka ba mu kuwa, magana ba ta ƙare ba sai an ƙirga masu so da masu ƙi. Duka biyun ina ganin girmansu, sai suka yi karo a kaina, wadda na tashi da ita ta kayar da wadda na koya a yini ɗaya. Abin da ya fi ɗaure mini kai har yau shi ne, ba wanda ya ba ni komai, ba wanda ya tsorata ni. Da soja ne ya sa mini bindiga, da na san wanda zan zarga. Mutunci ne kawai da ladabi, abubuwan da nake yabon kaina da su, su suka toshe wa shanun Jauro hanyar ruwa.

Abin da na koya, idan na koyi wani abu: in kina da a'a a bakinki, ki faɗe ta kafin hannuwa su tashi. Kada ki tsaya neman lokacin da ya dace, manya sun fi ki sanin lokaci, kuma sun san daidai inda za su sa addu'a. Kin ga mai ba ki wannan shawara, ranar Juma'ar nan aka sake yi masa irin ta, yana da furfura har a gira.

Jauro ya dawo wurina bayan an fara kafa turaku a burtali. Na ce masa abin ya fi ƙarfina, ya je wurin dagaci. Dagaci ya ce shi yanzu ba shi da ta cewa a kan fili, na majalisa ne. A sakatariya aka ce ya je kotu. A kotu aka ce ya kawo taswirar burtali, taswira kuma aka ce tana can birni a wani ofishi da ba wanda ya san mai riƙe da makullinsa. Ya dawo zaurena ya jingina sandarsa ya ce, "Kansila, da can mutum guda ke cutarmu, mun san ƙofar gidansa, mu je mu yi kuka. Yanzu kowa ya ce ba shi ba ne. To wane ne?" Na ce ya yi haƙuri. Bayan kaka ya kora shanunsa ya tsallaka Nijar. Sau ɗaya na sake ganinsa, a kasuwar Mai'adua. Ya gaishe ni da kyau, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, har ke, ya wuce. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Don Allah, duk wanda ya zo gabanki, idan maganar taki ce ki yanke ta. Idan ba taki ba ce, ki gaya masa takamaimai ƙofar da zai ƙwanƙwasa, kada ki tura shi don kawai ya bar miki wuri. Mu duk haka muka yi wa Jauro, kowa ya tura shi gaba ya koma ya yi sallarsa hankali kwance.

Wa'adinmu bai ma cika ba aka rushe mu daga sama. Ina wurin mai gyaran babur na ji a rediyo, wai an sallami ciyamomi da kansiloli, an naɗa kantomomi. Jama'a suka zaɓe mu, wani ya kore mu da sanarwa. Kin san abin da muka yi? Muka yi hayar mota muka je yi wa kantoma murna. Ba wanda ya je kotu, kuma a gari ba wanda ya yi ko tsaki. Na ji haushin mutane a lokacin, daga baya na ga ba su da laifi. Majalisar da ba ta taɓa cewa a'a ba, me za su rasa idan an rufe ta? Ba a jima ba Alhaji ya sauya jam'iyya, muka bi shi. Ya sake sauyawa, muka sake bi. Innarki takan tsaya da kwandon wanki ta ce, "Malam, wace hular zan wanke maka, ta jiya ko ta yau?" Nakan yi dariya, amma wallahi da za ki tambaye ni bambancin jam'iyyun nan ba zan iya gaya miki ba. Alhaji nake bi, ba su ba.

Ga inda na fi ruɗewa. Ni na tarbiyyantar da ke. Ni na koya miki idan babba na magana ki sunkuyar da kai, ki ce to. Na tuna ranar da kika mayar wa kawunki magana kina 'yar sakandare, kuma ke ce da gaskiya, na yi miki faɗa har kika ƙi cin abinci. Yau gwamnati ta ba ki kujerar da idan kika shigo dattawa za su miƙe miki. Shin na yi kuskure ne? Har gobe ba na son yaron da ke tsare babba da ido. Idan aka cire kunya daga garin nan ban san abin da zai saura ba. Amma kuma na ga abin da kunya ta yi a zauren majalisa. Na faɗa wa innarki haka, ta ce, "Kai ka koya mata kunya, makaranta ta koya mata doka, ka bar su su sasanta kansu mana." Ita komai sauƙi ne a wurinta, ba ita Alhaji ya zauna wa a zaure ba.

Na je wurin liman na tambaye shi, ko fatihar da na shafa ta ɗaure ni. Ya ce, "Fatiha addu'a ce, Malam Isiyaku, ba rantsuwa ba ce. Ba kaffara a kanka." Na ji sanyi. Sai ya gyara rawaninsa ya ƙara da cewa, "Amma dai ka san Alhaji babba ne." Na fito kamar yadda na shiga.

Kada kuma ki fahimce ni a karkace. Ban ce makiyayin nan ne ke da gaskiya ba. Ban san shi ba, ko sunansa ban riƙe ba. Mai yiwuwa da gangan ya saki shanu, ana yi. Kabiru kuma guminsa ne a geron nan, yana da iyali, kuma takardar gonar da ke hannunsa ba sata ya yi ba, daga zamanmu na ranar nan ta fito. Kada ki ba makiyayi gaskiya don ki wanke ubanki, laifina ba a kotunki za a biya shi ba. Kada kuma ki ba Kabiru don motar da ta kai innarki asibiti. An gaya mini alƙali yana iya janye kansa daga shari'a idan ta shafi na kusa da shi. Ban sani ba ko wannan ta kai, ban kuma sani ba ko yin haka gaskiya ce ko gudu. Ke kika san dokar. Abin da kawai nake tsoro, kada a sake tura wani bawan Allah ya je neman wata ƙofar.

Jiya da hantsi na shirya na tafi gidan Alhaji da niyyar in ce masa ba zan je ba. Na tsara maganar tsaf a hanya. Na shiga, na tuɓe takalmi, aka kawo fura na sha, na tambaye shi ciwon ƙafarsa, ya nuna mini sabon ɗan raƙumin da ya saya, na yaba, na yi sallama na dawo. A shekaruna na san kaina, ba zan yi miki ƙarya ba. Ranar shari'a zan zo. Zan shiga motarsa, zan zauna inda ya zaunar da ni, za ki shigo ki gan ni a bencin gaba da babbar rigata. Abin da na kasa ɗauka ne nake ɗora miki, kuma na san ba adalci ba ne. Ina jin kunyar haka ƙwarai.

Abu ɗaya ne ya rage a hannuna wanda Alhaji ba shi da iko a kansa, shi ne albarkata, kuma na ba ki ita tun yanzu, kafin ki ji shaida, kafin in san inda hukuncin zai faɗa. Idan aka ce a miƙe, zan miƙe tare da kowa. Kada ki sunkuyar da kai, kada ki rage murya don ina wurin. Ki saurari Kabiru, ki saurari makiyayin har ya gama, ki yanke abin da kika gani tsakaninki da Allah. Idan hukuncin bai yi wa Alhaji daɗi ba, za ki ga na ɗaure fuska a bakin kotu, wataƙila ma in wuce ki ban amsa gaisuwarki ba. Wannan fuskar ta Alhaji ce, ki bar masa ita. Ki zo gida ranar Asabar, ni da kaina zan tare ki a tasha.

Innarki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci a kan lokaci. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya kare ki daga sharrin mai sharri da kuma alherin da ke ɗaure baki, ya ba ki ƙarfin da bai ba ubanki ba. Allah ya yi miki albarka.

Wassalam,
Mahaifinki, Isiyaku